Ruwa a Ƙirji: Yadda Ɗakin Gwaje-gwaje Yake Bambanta Naso da Ɓaraka

Mutum biyu suna iya zuwa asibiti da kuka iri ɗaya. Numfashi yana yi musu wuya, in sun yi 'yar tafiya sai haki, ga kuma tari busasshe wanda ba ya fid da komai. Likita ya ƙwanƙwasa bayan kowannensu ya ji sautin ya dushe daga ƙasa, hoton ƙirji kuma ya nuna wata farar inuwa ta rufe gindin huhu. A nan sai a ce musu ruwa ne ya taru a ƙirji. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta kai ga gano cuta ba, domin mai yiwuwa ne na farko zuciyarsa ce ta raunana, na biyu kuwa tarin fuka ne ya kama tantanin huhunsa. Na farko yana bukatar maganin zuciya da na sa fitsari. Na biyu yana bukatar maganin tarin fuka har na tsawon wata 6. In aka musanya musu magani, mai ciwon zuciya zai yi ta haɗiyar ƙwayoyin da za su wahalar da hantarsa a banza, mai tarin fuka kuma cutarsa ta ci gaba da cinsa.

Abin da yake raba gardama shi ne a ɗebo kaɗan daga cikin ruwan a kai shi ɗakin gwaje-gwaje. Tambayar farko da ake yi wa wannan ruwa ita ce: shin tantanin da ya fito daga cikinsa lafiyayye ne, ko kuwa ya sami illa?

Inda ruwan yake taruwa

Kowane huhu yana lulluɓe da wani tantani siriri mai santsi, wanda masana suke kira fulura. Tantanin nan ninki biyu ne. Ninki ɗaya yana manne da jikin huhu, ɗayan kuma yana shimfiɗe a bangon ƙirji ta ciki, watau a jikin haƙarƙari da naman da ya raba ƙirji da ciki. Tsakanin ninkin biyu akwai ɗan ruwa wanda a jikin baligi mai lafiya bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba, kimanin babban cokali ɗaya ke nan. Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibai aikin wannan ruwa da fallen gilashi biyu. In aka ɗiga ruwa a tsakaninsu aka haɗa, za su riƙa zamewa a kan juna cikin sauƙi, amma ɓamɓare su sai da ƙarfi. Haka huhu yake zamewa a jikin ƙirji a kowane numfashi ba tare da ya rabu da shi ba.

Ruwan ba a tsaye yake ba. Kullum yana fitowa daga siraran jijiyoyin jini da ke cikin tantanin, kullum kuma wasu ƙananan magudanai da ake kira magudanan limfi suna kwashe shi suna mayar da shi cikin jini. Magudanan nan suna iya ninka aikinsu sau da yawa in ruwa ya ƙaru, shi ya sa ba ya taruwa sai fitowarsa ta fi ƙarfinsu, ko kuma su da kansu sun toshe. In ya fara taruwa kuwa, gefe ɗaya na ƙirji yana iya ɗaukar lita 2 ko 3, ya matse huhu ya hana shi buɗewa.

A shekarar 1896 wani masanin aikin jiki ɗan Ingila, Ernest Starling, ya bayyana ƙarfi biyu da suke ja-in-ja a bangon kowace siririyar jijiya. Na ɗaya shi ne matsin jini, wanda yake tura ruwa waje. Na biyu shi ne jan da furotin ɗin cikin jini yake yi wa ruwa, musamman wani furotin mai suna albumin wanda hanta take yi. Bangon jijiya yana da ƙananan kafofi da ruwa da gishiri suke ratsawa, amma furotin ya fi su girma, don haka yakan zauna a ciki yana riƙe ruwa. Daga wannan bayani ne aka fahimci cewa hanya biyu ce ruwa yake bi ya taru a ƙirji.

Hanya ta farko ta yi kama da nason randa. Randar ba ta fashe ba, ba ta tsage ba, amma ruwa yana ratsa jikinta ya fito garai-garai. Haka yake faruwa in matsin jini ya yi yawa a jijiyoyin huhu saboda zuciya ta kasa tura jini gaba, ko in albumin ya yi ƙaranci saboda hanta ta lalace, ko ƙoda tana zubar da shi cikin fitsari. Tantanin huhu ba shi da laifi a nan, kafofinsa suna nan yadda suke, don haka ruwan da ya fito tsinkakke ne, furotin ɗinsa kaɗan. Likitoci suna kiransa tiransudet, a Hausance ana iya ce masa ruwan naso.

Hanya ta biyu kuwa ta yi kama da matacin koko wanda ya yage. Maimakon gasara kaɗai ta wuce, sai dusa ma ta bi ta. In ƙwayar cuta ko ciwon daji ya taɓa tantanin, sai ya kumbura, kafofin jijiyoyinsa su buɗe, furotin da fararen ƙwayoyin jini su kwararo tare da ruwan. Wannan shi ne egzudet, watau ruwan ɓaraka. Tarin fuka, da ciwon nimoniya, da ciwon daji su ne manyan masu kawo shi.

Amfanin wannan rabe-rabe a bayyane yake. In ruwan naso ne, likita zai bar ƙirji ya koma ga zuciya ko hanta ko ƙoda, kuma galibi cututtukan da zai nema ba su da yawa. In ruwan ɓaraka ne, aiki ya ƙaru, domin dalilansa sun haura 50, kuma wasunsu ba sa jiran jinkiri.

Raunin zuciya shi ya fi kowane abu kawo ruwan naso, kuma ƙasar Hausa tana da wani nau'insa da ya shahara a littattafan likitanci. A cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan matan Zariya da zuciyarsu take raunana bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, ruwa ya cika musu jiki. A lokacin sun danganta abin da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta lokacin jego. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna al'adar ba ita ce dukkan labarin ba, domin an sami alaƙar cutar da ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Mai jego da ta zo da irin wannan hali, ruwa a gefe biyu na ƙirji, ba zazzaɓi, ba ciwon haƙarƙari, yawanci ba a ma soka mata allura. Ana ba ta maganin zuciya a ga ko ruwan zai janye. Sai in ya ƙi janyewa, ko yana gefe ɗaya kawai, ko akwai zazzaɓi, sannan a ɗebo shi.

Gano ruwan da ɗebo shi

Ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa dabara ce da wani likita a birnin Biyana, Leopold Auenbrugger, ya wallafa a 1761. Ana ba da labari cewa mahaifinsa mai masauƙin baƙi ne, kuma tun yana yaro ya ga yadda ake buga jikin ganga a san inda abin da ke ciki ya tsaya. Bayansa René Laennec na Faransa ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a 1816, ya kuma lura cewa in mara lafiya ya yi magana, muryarsa a daidai saman ruwan tana fitowa kamar kukan akuya. A wajen 1850 likitoci biyu a yankin Boston ta Amurka, Morrill Wyman da Henry Bowditch, suka nuna ana iya zuƙo ruwan da siririn bututu da famfo ba tare da an tsaga ƙirji ba.

A yau hoton ƙirji na gaba-da-gaba ba ya nuna ruwa sai ya kai kimanin mililita 200. Na'urar sikanin tana ganin wanda bai kai haka ba, tana kuma nuna wa likita daidai inda zai soka allura. Mara lafiya yana zaune ya sunkuya gaba, a kashe masa zafin wurin, a shigar da allura ta saman ƙashin haƙarƙari, domin jijiyoyin jini da na ji suna bin ƙasan kowane ƙashi ne. Mililita 50 ta isa dukkan gwaje-gwaje. In ana so a sauƙaƙa masa numfashi ana iya ɗibar fiye da haka, amma ba a cika wuce lita 1.5 a zama ɗaya ba, don gudun kada huhun da ya daɗe a matse ya buɗe farat ɗaya ya cika da ruwa ta ciki. A wannan lokacin kuma ake ɗibar jini daga hannunsa. Wannan jinin yana da muhimmanci daidai da ruwan, kamar yadda za a gani.

Gwajin farko ido da hanci ne. Yawancin ruwan ƙirji launin kara gare shi, fatsi-fatsi, kuma wannan launi ba ya faɗin komai, domin naso da ɓaraka duk suna zuwa da shi. In ya fito da kauri da wari, mugunya ce, ba sai an jira sakamako ba. In ya fito ja, sai a yi hattara, domin jinin da bai kai cokalin shayi ba ya isa ya rina rabin lita. Saboda haka ake auna yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa a kwatanta da na jinin mutumin. In sun haura rabi, to jini ne sosai yake zuba a ƙirji, kamar yadda yake faruwa bayan haɗarin mota ko suka da wuƙa. Akwai kuma ruwa mai launin cakulan wanda yake fitowa a gefen dama in ƙurjin hanta da ƙwayar amiba ta haddasa ya fashe ya huda sama.

In ruwan ya fito fari kamar madara, abu biyu ake zato: mugunya, ko kitsen abinci da ya ɓalle daga babbar magudanar limfi wadda take ɗauko shi daga hanji ta bi ta ƙirji. Ana sa ruwan cikin na'urar da take wulwula kwalba da sauri. Mugunya za ta kwanta a ƙasa ta bar ruwa garai a sama, mai kitse kuwa zai zauna fari yadda yake. Daga nan a auna kitsen da ake kira tiragilisarid, in ya haura miligiram 110 a kowace desilita, an tabbata magudanar ce ta yage ko ta toshe.

Daga ɗigon Rivalta zuwa ƙa'idojin Light

Tun da bambancin naso da ɓaraka yana ga yawan furotin, likitocin da suka gabata sun nemi hanya mai sauƙi ta ganinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita ɗan Italiya, Fabio Rivalta, ya fito da gwajin da har yanzu yake ɗauke da sunansa. Ana cika doguwar kwalba da tataccen ruwa, a ɗiga masa ɗan asid na asetik, watau sinadarin da yake ba ruwan khal tsaminsa. Sai a saki ɗigo ɗaya na ruwan ƙirji a kai. In ɗigon ya narke ya ɓace, ruwan naso ne. In ya zama farin gajimare yana sauka a hankali kamar hayaƙi, ruwan ɓaraka ne, domin asid ɗin ya daskarar da furotin. Gwajin ba ya bukatar lantarki ko inji, amma ya dogara ga idon mai dubawa, kuma ruwan da yake tsaka-tsaki yana ruɗa shi. Likitocin dabbobi ne suka fi riƙe shi a yau, wajen binciken wata cutar kyanwa.

Daga baya aka koma auna furotin ɗin kai tsaye. Aka sa iyaka a giram 3 cikin kowace desilita, watau cikin mililita 100: abin da ya haura haka ɓaraka, abin da ya gaza naso. Wannan ma'auni yana da wani rauni da ɗalibin lissafi zai iya hangowa. Furotin ɗin ruwan ƙirji daga jini yake fitowa, kuma mutane ba su zama ɗaya ba wajen yawan furotin a jini. Mutumin da doguwar jinya ta rame, furotin ɗin jininsa ya sauka zuwa giram 5, yana iya samun ɓaraka sosai amma ruwansa ya tsaya a giram 2.8. Ma'aunin zai ce naso ne, a sallame shi da maganin fitsari.

Wanda ya gyara wannan shi ne Richard Light, a lokacin yana matashin likita mai neman ƙwarewa a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka. Shi da abokan aikinsa sun tattara ruwan ƙirji guda 150, kowanne tare da jinin mai shi, suka bi kowane mara lafiya har aka tabbatar da cutarsa. Guda 47 naso ne, 103 ɓaraka. Sakamakon ya fito a 1972. Dabararsu ita ce a kwatanta ruwan da jinin mutumin da aka ɗebo shi daga jikinsa, a kuma ƙara awon wani sinadari mai suna LDH. Wannan sinadari yana cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki, kuma yana fitowa fili ne in ƙwayar ta ji rauni ko ta mutu. Furotin yana nuna yadda kafofin jijiya suka buɗe, LDH kuma yana nuna yadda ake ɓarna a cikin tantanin.

Ƙa'idojin guda 3 ne, kuma ko ɗaya daga cikinsu ta cika, ruwan ɓaraka ne. Ta farko, a raba furotin ɗin ruwan ƙirji da na jini, amsar ta haura 0.5. Ta biyu, a raba LDH na ruwan ƙirji da na jini, amsar ta haura 0.6. Ta uku, LDH na ruwan ƙirji ya haura kashi 2 cikin 3 na iyakar da ɗakin gwajin ya ɗauka a matsayin ta mai lafiya a jini. A cikin ruwa 150 ɗin nan, guda 2 kacal ƙa'idojin suka sa a gurbin da ba nasu ba.

Alal misali, a ɗauka ɗakin gwaji ya sa iyakar LDH a 240, kashi 2 cikin 3 nasa ya zama 160. Wani mara lafiya furotin ɗin jininsa giram 7.0, na ruwan ƙirjinsa 2.1, in an raba ya ba da 0.3. LDH na jini 200, na ruwa 80, ya ba da 0.4, kuma 80 bai kai 160 ba. Babu ƙa'idar da ta cika, saboda haka naso ne. Wani kuma jininsa 7.0, ruwansa 4.9, ya ba da 0.7. Tun daga nan an gama, ko da ba a duba LDH ba. Shi kuwa ramammen nan mai giram 5 a jini da 2.8 a ruwa, lissafinsa 0.56 ne, ƙa'idar Light ta kama abin da tsohon ma'auni ya saki.

Light ya rasu a 2021, amma ƙa'idojinsa suna nan a asibitocin duniya bayan fiye da shekara 50, duk da gwaje-gwaje da yawa da aka kawo don su maye gurbinsu. Dalilin daɗewarsu shi ne arha da sauƙi. Duk ɗakin gwajin da yake iya auna aikin hanta yana iya auna furotin da LDH.

Inda ƙa'idojin suke kuskure

Binciken da aka yi ta maimaitawa a ƙasashe dabam-dabam ya nuna ƙa'idojin suna kama kusan kashi 98 cikin ɗari na ruwan ɓaraka. Amma suna da zargi da yawa: kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan naso sukan kira shi ɓaraka. In dole ne ma'auni ya karkata, wannan ɓangaren ya fi dacewa ya karkata, domin wahalar ƙarin gwaji ta fi sauƙi a kan a sallami mai tarin fuka ko ciwon daji a ce masa zuciya ce.

Kuskuren ya fi faruwa ga mai ciwon zuciya da ya riga ya yi kwanaki yana shan maganin sa fitsari. Maganin yana janye ruwa daga ƙirji da sauri fiye da yadda magudanan limfi suke kwashe furotin, sai abin da ya rage ya yi kauri, kamar miyar da aka bari a kan wuta. Furotin ɗin da yake 2.5 ya koma 3.7, in an raba da 7.0 ya ba da 0.53, ya ɗan tsallake iyaka. A irin wannan hali likita yakan bar rabawa ya koma ga debewa. Ya debe albumin na ruwan ƙirji daga na jini, in ratar ta haura giram 1.2, naso ne duk da abin da ƙa'idar ta ce. Ana iya yin haka da furotin gaba ɗaya, iyakarsa kuma 3.1 ce. A misalin nan 7.0 a debe 3.7 ya bar 3.3, ya koma gidan naso. Manyan asibitoci suna kuma auna wani sinadari da zuciya take saki in ta wahala, mai suna NT-proBNP, wanda in ya haura 1,500 yana nuni ga zuciya.

Bayan an ce ɓaraka ce

Sanin cewa tantanin ya sami illa rabin tafiya ne, saura a san mai illar. Ana shafa ruwan a kan gilashi, a rina, a duba a madubin ƙara girma, a ƙirga irin fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki. In nutirofil ne suka fi yawa, abin sabo ne mai zafi, kamar nimoniya. In limfosait ne, abin ya daɗe, sai a yi tunanin tarin fuka ko ciwon daji. In iyosinofil sun haura kashi 10 cikin ɗari, galibi iska ko jini ne ya shiga wurin, amma ana tuna wata tsutsar huhu da ake ɗauka daga cin ɗanyar ƙaguwa, wadda aka sami masu ita da yawa a kudu maso gabashin Nijeriya bayan yaƙin basasa.

Ga mai nimoniya, awon da ya fi kowane gaggawa shi ne na tsami, watau pH. Ruwan ƙirji na mai lafiya yana wajen 7.6. In ƙwayoyin cuta suka shiga cikinsa, su da fararen ƙwayoyin jini suna cinye sukarin da ke ciki suna fid da asid, sai sukari ya faɗi ƙasa da miligiram 60 a desilita, pH kuma ya sauka. In ya gaza 7.2, maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba zai wadatar ba, sai an sa bututu a ƙirji an tsiyaye ruwan. In aka yi jinkiri, ruwan yakan rabu ɗaki-ɗaki, ya zama mugunya, daga bisani ya yi ɓawo mai tauri ya ɗaure huhu, sai fiɗa. Awon nan yana son kula: kumfar iska a cikin sirinji tana ɗaga lambar, ragowar maganin kashe zafi kuma yana saukar da ita, kuma kowanne yana iya sauya shawarar likita.

Ciwon daji kuwa ana neman ƙwayoyinsa ne kai tsaye a madubi. Na huhu, da na nono, da na ƙullutun limfi su suka fi zubo ruwa a ƙirji. Ana ganinsu a kimanin kashi 60 cikin ɗari na masu cutar, don haka rashin ganinsu bai wanke mutum ba.

Tarin fuka, mai ɓoye kansa

A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawan masu shi a duniya, shi ne zato na farko in saurayi ko budurwa suka zo da ruwan ɓaraka a gefe ɗaya, da zazzaɓin dare da rama. Wahalar ita ce ƙwayar cutar ba ta cika bayyana a cikin ruwan ba. Abin da yake faruwa shi ne wani ɗan gurbin cutar a gefen huhu ya fashe, ƙwayoyi 'yan kaɗan su faɗa tsakanin ninkin tantani, garkuwar jiki kuma ta taso musu da ƙarfin da ya wuce yawansu. Lita guda ta ruwa tana iya taruwa saboda ƙwayoyin da ba su taka kara sun karya ba.

Saboda haka rinin da ake yi wa majina a ga ƙwayar a madubi, in aka yi shi a kan ruwan ƙirji, ba ya nuna ta ko a mutum 1 cikin 10. Shuka ruwan a kwalba don ƙwayar ta tsiro yana cin makonni, kuma bai kai rabin masu cutar yake kamawa ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana neman ƙwayar gadon cutar ta ba da amsa cikin sa'o'i kaɗan. In ta ce akwai, akwai ɗin ne, har ta faɗi ko cutar tana bijire wa maganin rifamfisin. In ta ce babu a kan ruwan ƙirji, ba a dogara da ita, domin tana tsallake masu cutar da dama.

Da yake ɓarawon ba ya ganuwa, sai aka koma neman sawunsa. A 1978 wasu likitoci a Italiya suka ba da rahoton cewa wani sinadari mai suna adenosin diyaminis, wanda ake taƙaitawa ADA, yana yawaita ƙwarai a ruwan ƙirjin masu tarin fuka. Fararen ƙwayoyin jinin da suke yaƙi da cutar su suke sakinsa. In ya haura 40 a kowace lita, kuma limfosait ne suka cika ruwan, a ƙasar da cutar ta yawaita, wannan ya isa a fara magani. Gwajin yana daidai a wajen kashi 90 cikin ɗari, sai dai mugunya da ciwon dajin limfi su ma suna ɗaga shi, shi ya sa ba a karanta shi ba tare da ƙirgar ƙwayoyi ba. In shakka ta rage, sai a tsinko ɗan guntun tantanin kansa da wata allura ta musamman wadda Leon Abrams na Ingila ya ƙera a 1958, ko a leƙa ƙirjin da siririyar kyamara. A cikin naman ne ake ganin ƙullutun da cutar take yi.

Dalilin da ya sa likitoci suke nacewa a kan wannan ganowa shi ne ruwan tarin fuka yakan janye da kansa cikin 'yan watanni ko ba a ba da magani ba. Mara lafiya ya ji sauƙi, ya ɗauka ya warke, ya yaba wa duk abin da ya sha a wannan tsakanin. Wani bincike da aka wallafa a 1955 ya bi sawun sojojin Amurka 141 da suka yi irin wannan ruwa kafin maganin tarin fuka ya wadata. Kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu cutar ta dawo musu a fili daga baya, a huhu ko a wani sashen jiki, galibi cikin shekara 5. Maganin da ake bayarwa a yau iri ɗaya ne da na tarin fukan huhu: magunguna 4 a wata 2 na farko, sannan 2 a sauran wata 4. A Nijeriya ana bayar da shi kyauta a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe, kuma ana yi wa mara lafiya gwajin cutar ƙanjamau tun daga farko, domin cututtukan biyu sukan zo tare.